Ranar da ƙanwata ta kare ɓerayenta a gaban Baba

Ko zan manta da komai na gidanmu, ba zan manta da hantsin da ƙanwata ta zauna a gaban mahaifinmu tana kare ɓeraye ba. Mu mutanen Zagga ne, a ƙasar Bagudo. Baba manomin shinkafa ne, kuma duk duniya ba abin da ya tsana kamar ɓera. Ita kuwa autarmu tana karatu mai zurfi a jami'a, a ɗakin gwaje-gwaje.

Wani ɗan garinmu ne ya ɓallo ruwan. A kasuwar Dole Kaina ya baza cewa ya gan ta da idonsa, sanye da farar riga, tana ba fararen ɓeraye abinci. Kafin ta zo hutu magana ta kai har tsallaken iyaka, wajen danginmu na Benin. Baba ya ce ta zo ke nan, ba za ta koma ba.

Ni dai na san halin tsohon. Ya kira ta gindin rumbu, ina gefe. "Ɗiyata," ya ce, "kiwon kusu na tura ki?" Haka muke kiran ɓera a wajenmu.

Ba ta yi gardama ba. Ta ciro waya ta nuna masa bidiyon ɓeraye uku da aka sa wa ƙwayar cuta iri ɗaya. Ɗaya na ta zirga-zirga, biyu sun takure, gashi a tashe.

"Baba, in shanu sunka faɗa gonar shinkahwa, mi mai gadi ka yi?"

"Kuwwa mana."

"To jiki ma shina da kuwwa tai. Wani sinadari na da jiki ka saki, shi kira sojojin jini wurin cuta. Wanga mai lahiya, kuwwa tai ta yi daidai. Na biyu an cire mai ita, cuta ta ci shi ba wanda ya zo. Na ukku kuwwa ta yi yawa, gari duka ya ɗungumo ya tattake gonar fiye da shanun."

Baba ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo. Can ya yi tambayar da ban yi tsammani ba. Mahaifiyarmu ta rasu ne bayan wani ƙaramin rauni da ta ji a ƙafa cikin fadama, zazzaɓi ya rufe ta, allurai suka kasa.

"Innarku fa?" ya ce. "Rashin kuwwa na, ko yawanta?"

Wallahi ni da na saba da daɗin baki, da na zaɓi ɗaya na faɗa don a wuce wurin. Ga hanya a buɗe, kalma ɗaya za ta mayar da ita makaranta. Amma yarinyar nan ta dube shi, idonta cike da ƙwalla, ta ce, "Ban sani ba, Baba. Shi nike nema."

Tsohon ya share fuska da hannun riga, ya miƙa mata wayarta. "Tahi ki nemo," ya ce. "In kin gano, ni za ki fara gaya ma."

Har yau tana nema, ni kuma har yau ina jinjina mata. A ranar na koyi cewa mai ilimin gaske ba ya jin kunyar cewa bai sani ba, ko da kuwa duk abin da yake so ya rataya a kan amsar.