Ta Tsaya a Bayana a Gidan Mai

Jiya ina shan mai a garin Lanham, ƙugin famfon ya shiga kunnena, sai na tuna tsohuwar da na yi wa aikin jinya a garin Bowie. 'Yar Norway ce, mawaƙiyar jaz, ta ƙare rayuwarta tana tsara wa mawaƙa muryoyi, wannan ƙasa, wancan sama. Ko firji ta ji yana ƙugi sai ta ɗora masa murya.

Lokacin da wani maharbi yake laɓewa yana harbe mutane a gidajen mai, ina dawo da ita daga asibiti mai ya kusa ƙare mana. Na tsaya a wani gidan mai, na fita ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da ƙyar na saka bakin tiyo. Kowace bishiya gani nake da mutum a bayanta, ƙeyata jiran harsashi kawai take.

Sai na ji ta buɗe ƙofa. Ta dogaro sandarta ta tsaya a bayana.

"Mama, don Allah ki koma ciki."

Ta ce, "Kin ji famfon nan? Kama muryarsa ki riƙe. Ni zan hau sama."

Ni da ko a biki ban taɓa waƙa ba, na kama. Muryarta siririya ta hau kan tawa, a nan na ji ashe ita ma rawa take kamar tawa.

Ranar da ta cika ba na nan. Allah Ya sa an sami wanda ya tsaya a bayanta.