Ban da Babban?

Shekara huɗu ke nan da rasuwar gwaggona, Dakta Binta, kuma sautin da kunnena ya riƙe daga ranar shi ne muryar wata waya. An fita da gawar ke nan bayan azahar, gidanmu na Kankia ya yi tsit, sai gurnanin motocin titin Kano. Wayar wata maƙwabciya ta yi ƙara, ta ɗauka a kunyace. Murya mai taushi ta tuna mata ranar rigakafin yara, ta tambaye ta yara nawa ne a gidan, sannan ta ƙara da cewa, "Ban da babban?" A nan kukana ya ƙwace, domin wannan tambayar ta Gwaggo ce.

Gwaggo ta yi aikin lafiyar al'umma har ta yi ritaya. Da wata jami'a ta fara haɗa na'urar da za ta riƙa kiran iyaye mata tana tuna musu rigakafi, sai ta kafa kwamitin masana da zai sa ido kada a bar kowa a baya. Akwai masanin na'ura, da lauya, da malamin Islamiyya, da wakilin makiyaya, sai ita. Takan dawo daga zamansu ta dama fura, tana ba ni labarin samarin da suka haɗa na'urar. Tana son su ƙwarai. Ta ce hannunsu na da sauri, zuciyarsu kuma fara ce.

An gwada na'urar a Fakuwa da rugagen da ke kusa da Kusada, amsoshi suka zo lafiya lau, har ana shirin buɗe aikin. Gwaggo ta nemi a kunna mata muryoyin matan. Ta lura da ɗan shirun da kowace ke yi kafin ta faɗi adadin 'ya'yanta. Ta shaida wa kwamiti cewa matan nan ba ƙarya suka yi ba, kunya suka yi. Uwa a wajenmu ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta lissafa shi gaban baƙo, sau da yawa ma yana hannun kaka a wani gari. "Na'urarku baƙuwa ce," in ji ta. "Mi zai sa a faɗa mata?"

Wasu suka ce lokaci ya ƙure. Wani ya ce a wayar da kan matan su bar al'adar. Ita kuwa ta ƙi sa baki a buɗe aikin. Ta ce uwar ta riga na'urar zuwa duniya, don haka tambayar za a gyara, a yi ta yadda mace za ta ce e kawai, ba tare da ta ambaci suna ba. Haka aka yi, bayan doguwar ja-in-ja.

Yau wa'adin kwamitin ya ƙare, aikin ya koma wasu hannaye, ban ma san ko akwai mai sa ido ba. Muryar ta canza. Hausarta ta fi daɗi, tana ba da shawarar taki, har barkwanci take yi. Wani lokaci nakan ji kamar iska ce ta koyi magana. Na san da Gwaggo na nan da ta yaba, ba ta ƙyamar sabon abu. Amma na san za ta karkata kai, ta saurari shirun.

Bazarar da ta wuce ina Sukuntuni wajen Hadiza, matar yayana, muryar ta kira, ta tambaye ta yara nawa ne a gidan. Hadiza ta yi jim, ta ce biyu. Muryar ta yi godiya ta kashe, ba ta ce "Ban da babban?" ba. 'Yarta ta fari, Ummi, tana Kusada wajen kakarta, a gidan da babu waya. Da na yi wa Hadiza magana, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ke ma kin san ba ni iya faɗi."

Ga shi lokacin zafi ne, lokacin da ƙyanda ke yawo gida gida. Washegari na je Kusada na kai Ummi aka yi mata allurarta. Amma ni gwaggon yarinya ɗaya ce. Tun ranar, duk gidan da na wuce na ji waya na magana, sai in riƙa tunanin yaron da ba a ƙirga ba.

Abin da ya rage na Gwaggo ba shi da yawa: tabaraunta, da ɗaliban da ke yi mata addu'a, da tambayar nan da nake roƙon masu aikin su mayar. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta.

Mun taso mun san ta da 'ya'ya mata biyu. Sai bara, muna zaune da Baba a zaure, ya gaya mini cewa akwai namiji kafin su, tun ba ta koma karatu ba. Masu rigakafi sun zo ƙauyen tana goye da ƙanwarsa, shi yana wajen kaka. Suka tambaya, ta ce ɗaya. Ƙyanda ta ɗauke shi a bazarar shekarar.

Na tambayi Baba sunansa. Ya ce Aliyu. Ya ce ita kam, har ta koma ga Allah, bai taɓa jin ta faɗa ba.