Ƙuri'ar Asibitoci Ashirin

Yayata ba ta da faɗa, amma kar ka kuskura ka taɓa aikinta. Ta daɗe a ofishin bincike, hawa na biyu, kusa da wani injin buga takardu mai cinye rabin abin da aka ba shi. In za a zaɓi kaɗan cikin masu yawa ba son kai, ita ke sa kwamfuta ta jefa ƙuri'a.

Ta taɓa yi min bayani muna wanke-wanke. Wai kwamfuta ba ta san sa'a ba, lamba ake ba ta ta fara da ita. Ka maimaita lambar, ƙuri'ar da ta fito ita za ta sake fitowa, ko sau ɗari ne. Shi ya sa ba ta fara aiki sai ta rubuta lambar a layin farko.

Bara aka ce ta zaɓi asibitoci ashirin cikin ɗari biyu, waɗanda za a fara ba injin gwajin jini. Sai ga asibitin da mijinta ke aiki ya faɗo ciki. Kai, ranar bakuna sun sha aiki! Mataimakin shugaban ofishinsu ya kafa kwamiti: ko ta wanke kanta, ko ta bar kujerar.

Ni na raka ta, na zauna a benci bakin ƙofa. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ba wani ɗan kwamitin lambar, ya buga a tasa kwamfutar. Asibitoci ashirin suka fito, a jere yadda suka fito da fari.

Mataimakin ya taɓe baki. "Wa ya sani ko gwada lambobi kika yi ta yi har na mijinki ya fito?"

"Ranka ya daɗe, ba ni na zaɓi lambar ba," in ji Yaya. Ta miƙa masa takardar wani taro. "Mako biyu kafin sunayen asibitocin su iso na roƙe ka ka faɗi kowace lamba a gaban mutane. Ka ba ni ta motarka. Ga sa hannunka."

Mataimakin ya duba takardar, ya ga sa hannunsa, ya ce magana ta ƙare.

A hanya na ce, "Yaya, ba ki ji tsoro ba?"

"Tsoron me? Zafi dai na ji. Mutanen da muke cin abinci tare kullum, ba wanda ya zo ya tambaye ni."