Ɗorawar Gado da Ta Ci Ƙafata

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni ƙato ne mai jini a jika, kuma daga Ikara har Makarfi in bishiya ta gagara ni ake aika wa. A aikin gandun daji na koyi sana'ar, a hannun mutanen da ba sa wasa da ƙa'ida. Da soja suka kawo tsuke bakin aljihu aka rage ma'aikata har da ni. Na dawo gida da zarto da gatari da igiya da sarƙa, ga mata ga 'ya'ya, ga shi sabulu ma sai an bi layi.

Wata bazara aka kira ni wani ƙauye a bayan Kudan. Iskar farkon hadari ta tsaga wata tsohuwar ɗorawa mai manyan rassa biyu, tsagar ta gangaro har kusa da gindi. Ɗorawar ta wa da ƙane ce. Da ubansu ya rasu aka raba gona aka raba gida, ita kuwa aka ce reshen gabas na wan, na yamma na ƙanen, kowa ya ci kalwar ɓangarensa. Tun daga rabon nan ba sa ga maciji da juna. To reshen ƙanen ne ya sunkuyo kan rumbunansa, shi ya sa ya neme ni.

Ina zagaya ta na san da matsala. Rassan sama sun sarƙe, su ne kaɗai ke riƙe da ɓangarorin biyu. Irin wannan sai an ɗaure gangar jikin da sarƙa a saman tsagar, sannan a riƙa ragewa kaɗan nan kaɗan can, ana sauko da rassa da igiya, har nauyin ya kwanta. Na yi musu wannan bayani a gaban mai unguwa. Wan ya yi tsalle ya dire, ya ce 'ya'yan ɓangarensa ba su gama nuna ba, kuma da kalwar nan zai riƙe gidansa har kaka, don haka ko ganye ɗaya ba za a taɓa masa ba. Na roƙe shi ko sarƙar kawai ya bari in zagaya, ya ce dabara ce aka shirya da ni don a kashe masa rabonsa. Ƙanen ya ce shi ma ba zai zuba ido hatsinsa ya tafi ba. Mai unguwa ya gyara zama ya yanke cewa kowa da ikon abinsa, in sare na yamma in bar na gabas.

Na so in naɗe igiyata in tafi. Sai ƙanen ya ce a gaban jama'a ashe suna ne kawai nake da shi, zai kira masu faskare su yi. Na tuna tukunyar gidana, na kuma ji zafin maganar, na hau. Ina tsakiyar yanka babban reshen da ya sarƙe da na wan na ji gangar jikin ta yi wata ƙara a ƙasana. Ɓangarorin suka buɗe, na gabas ya tafi gabas, na yamma ya tafi da ni, ya danne mini ƙafar dama. Sai da aka sassare itacen aka zaro ni. Motar da za ta kai ni Zariya ma da ƙyar aka samo mata mai, kuma ko da muka isa likita ya ce ƙafar ba ta ɗauruwa, sai yankewa.

Abin da ya fi yankan ciwo shi ne wanda na tarar bayan an sallame ni. 'Yan'uwan nan da suka yi shekara da shekaru ba sa gaisawa sun haɗa kai sun kai ƙarata gaban mai unguwa. Wan ya ce na kayar masa da ɗorawa, ƙanen ya ce na rushe masa rumbu. Mai unguwar da ya ji bayanina da kunnensa ya ce ai ni ne gwani, me ya sa na hau in na san haka? Aka riƙe kayan aikina a madadin ɓarna. A kan tabarma ɗaya na gan su zaune ranar, suna miƙa wa juna goro. Ban yafe ba, ba zan yi ƙarya ba.

Ga 'yan'uwana masu wannan sana'a: tsagaggiyar bishiya ba a aikinta rabi. In an hana ku ɗaure ta, ko an ce ga ɓangaren da ba za ku taɓa ba, ku kwashe kayanku ku tafi, ko da za a yi muku dariya har bakin titi, ko da gidanku za a kwana da yunwa. Masu tura ku sama a ƙasa suke tsaye. Su sun faskare ɗorawar sun raba itacen, ni kuwa yau ko mangwaron tsakar gidana ya nuna sai na roƙi maƙwabci ya kaɗo mini.