Kawu Kassoum da Dodon Koɗin Teku

A zuriyarmu, in aka ce wa mutum "ka yi tsaftar Kassoum", ba yabo ba ne. Ga asalin maganar.

Kassoum haifaffen unguwar Zongo ne a Kwatano, jikan fataken goro. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota daga Kwatano zuwa Malanville, kuma duk inda iska ta kaɗa nan hularsa ke karkata. Zamanin juyin juya hali ba ya amsa sallama sai an ce masa kamarad. Da aka yi babban taron ƙasa aka buɗe ƙofar jam'iyyu, sai ga shi ya wayi gari ɗan dimokuraɗiyya tun daga kakanni. Matarsa Labiba, mai sayar da atamfa a kasuwar Missèbo, ta ga wannan duka, ta haɗiye.

A shekarar da sandikar direbobi, wato ƙungiyarsu, ta ce ita ma za ta zaɓi shugabanta da ƙuri'a, Kassoum ya tsaya, Idrisu mai tireloli ya tsaya. Idrisu na da motoci da jama'a. Kassoum ya duba ya ga abin da zai nuna shi ne wayewa. Sai ya je gwanjon wani Bature da zai koma gida, ya sayo ƙaton akwatin gilashi na kiwon halittun teku, da injin kumfa da duwatsu. Kifayen an riga shi. Abin da ya samu dodon koɗi ne 'yan ƙanana masu baya kamar murfin buta.

Labiba na tsaye Baturen ya yi bayani da Faransanci: a sa sabon ruwan teku, a bar akwatin ya huta, kuma gansakukar da za ta fito jikin gilashi kada a taɓa, ita ce abincinsu.

A hanya Kassoum ya yi tsaki. "Bature da ko tsarki bai iya ba shi zai koya mini tsafta?"

"Malam, cewa ya yi abincinsu ne."

"Ke dai ki tsaya kan atamfarki."

Ta tsaya. Aka kafa akwatin a falo, daidai inda mai shigowa zai fara gani, ya zuba dabbobin ran nan ba hutu ba komai. Maƙwabta suka yi ta sintiri. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce, "Wannan ba shi ne matan kasuwar Dantokpa ke soyawa da barkono ba? To Allah ya kyauta, har an sa masa lantarki."

Kore na fara bayyana, Kassoum ya naɗe hannun riga. Yadda yake wanke motarsa duk jajiberin Juma'a, haka ya riƙa yi wa akwatin: soso, tsumma, duwatsun ma ya fitar ya goge su tas ya shanya a rana. Da ya ga dabbobin na hawa gilashi suna lalube, sai ya ce motsa jiki suke. Ya marmasa musu burodi, wata rana har da tuwon shinkafa, wai ba za a ce baƙo ya kwana da yunwa a gidansa ba.

Labiba takan tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon ɗaya ya hau har bakin ruwa, ya faɗo rigingine, ya kasa juyawa. Takan sa mariƙin ludayi ta kifa shi. Ba don tana son su ba. Ta dai san kamannin wanda ke neman abinci a gida mai ƙyalli.

Kassoum ya nace a yi taron ƙarshe kafin zaɓe a falonsa. Ana gobe ya yi wa akwatin wankin da bai taɓa yi ba. Da safe duk sun lafe a ƙasa, ya ce barci suke. Kafin la'asar ruwan ya yi fari kamar ruwan kamu, ga zafin Kwatano, ga taga a rufe don kada ƙura ta taɓa gilashi.

Direbobi suka cika falon. Mutanen da suka saba da warin busasshen kifi da gas sai ga su suna kai hula hanci. Kassoum ya miƙe ya fara jawabi kan yadda zai riƙe amanar kowa. Idrisu ya bari ya kai tsakiya, sannan ya nuna akwatin da carbinsa.

"Yaya Kassoum, waɗannan ma amanarka ce?"

"Hutawa suke."

"To mu dai da sauran tafiya a gabanmu."

Aka ƙarasa taron a ƙofar gida. Ranar zaɓe ko ƙanin Labiba, da shi ma direba ne, bai ba shi ƙuri'a ba.

Har ya koma ga Allah, Kawu Kassoum na cewa 'yan adawa ne suka zuba wa ruwan guba. Labiba ba ta taɓa musa masa ba. Akwatin kuwa ta kai shi Missèbo tana jera ɗankwali a ciki. Ta ce ko ba komai, wankakke ne.