Mariƙin Mai Yatsu Uku

A tsaunukan bayan garin Danao kowane gida da abin da ya iya a ƙirar bindiga. Wasu goge ƙarfe, wasu fafe bututu, shi kuwa Nong Tibo mariƙin bindiga ne nasa, katakon da hannu ke kamawa. Shekara arba'in yana zaune a rumfar ganyen kwakwa da ƙusa ɗaya da 'yar guduma, yana buga ɗige-ɗige a jikin katako don kada bindiga ta suɓuce a hannu mai gumi. Mutum ne mai baƙin rai, bai taɓa yabon aikin kowa ba. In aka ce masa sana'arsa na kashe mutane, sai ya ce shi katako yake taɓawa, ba ruwansa da ƙarfe. Ko da idonsa ya mutu bai ajiye guduma ba, babban yatsansa ya karɓi aikin gani.

Ɗa ɗaya gare shi, Ambo, wanda injin yanka ƙarfe ya cinye wa yatsu biyu na ƙarshe a hannun dama. Da Ambo ya sami aikin gadin wani ɗan siyasa a kudu, uban ya yi masa mariƙi da baƙin icen kamagong. Ya zurfafa ɗigon inda yatsu uku za su kama, ya bar ƙasan sumul, tunda ba abin da zai zauna a wurin. Shekara bakwai ke nan, ko wasiƙa babu. Uwar, Nang Sayong, kowace Lahadi sai ta kunna masa kyandir a coci, kuma ba ta rabuwa da ƙunshin busasshen kifi a rataye, wai ko zai faɗo da yunwa. Tibo yakan yi mata tsawa a kan kifin, amma shi ma duk babur ɗin da ya hawo dutsen sai ya kasa kunne.

Wata Talata da rana tsaka babur ya tsaya. Wani ƙato ya sauko yana haki, ya ce sunansa Gorio, ya dangwarar da bindiga a kan benci.

"Nong, ɗigon nan ya cinye. Ka tayar min da shi. Kuma ka cike ƙasan, ban san wane rago ne ya yi rabin aiki ya gudu ba."

Tibo ya kwance mariƙin, ya bi shi da yatsa. Bai kai ƙarshe ba ya gane shi. Aikinsa ne, ɗigo bayan ɗigo. Sai ya shafa ƙasan da ya bari sumul, ya ji ya lotsa, ya yi santsin gumi, sawun yatsu biyu da Ambo ba shi da su. Kamagong ba ya lotsawa a shekara ɗaya ko biyu. Tun da daɗewa ke nan wani hannu ke riƙe da ita.

"A ina ka samo ta, yaro?"

Gorio ya yi dariya, ya sunkuyo har warin giyar kwakwa ya bugi fuskar tsohon.

"Wurin mai ita mana. Shi ya yi min kwatancen rumfar nan da bakinsa, lokacin yana iya magana. Ya yi ta kiran sunanka, na ce kai, wannan tsoho dole wata rana in je in gaishe shi."

Kafin Tibo ya buɗe baki, sai ga Nang Sayong da kwanon dafaffiyar ayaba. Duk baƙon da ya zo sai ta yi masa tambayar da ta saba.

"Ɗana, daga kudu kake? Ko ka taɓa ganin wani Ambo, mai yatsu uku?"

"Ambo? Haba Nang, ai ɗakinmu ɗaya!" in ji Gorio, baki cike da ayaba. "Ya yi ƙiba, ya yi tumbi. Ya sami wurin hutawa, ba mai tashinsa."

Tsohuwa ta zube a ƙasa tana kuka tana gode wa Allah. Ta kama hannun Gorio, hannun nan dai, ta ɗora a goshinta. Ta ruga ta ciro ƙunshin kifin ta danƙa masa.

"Ka kai masa, ka ce ya ji tsoron Allah ya rubuto ko layi ɗaya. Tibo, ka ji? Abokin ɗanka ne! Ka yi masa irin aikin da ka yi wa Ambo, ban da ɓata rai."

Tibo ya ji kamar ya soka ƙusar a wuyan mutumin. Amma shi makaho ne, kuma ya ji ƙarar wata bindigar tana gogar benci a ƙugun Gorio. Ga Sayong tana dariyar da rabonsa da jinta shekara bakwai. Ya ɗauki guduma.

Ya bi tsofaffin ramukan ɗaya bayan ɗaya ya farfaɗo da su. Sannan ya sa ƙusa a kan wurin da ya bar wa yatsun da babu, ya fara bugawa. Hannunsa bai yi rawa ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan har ya mutu. Da ya gama, Gorio ya damƙe mariƙin, ya jinjina.

"Yanzu ta zama tawa. Hannunka da albarka, Nong."

Ya rataye kifin a babur ya gangara.

Tibo ya ƙara shekara huɗu a duniya, bai sake taɓa ƙusa ba, bai kuma gaya wa kowa dalili ba. Tun daga ranar Nang Sayong kyandir biyu take kunnawa kowace Lahadi, ɗaya na Ambo, ɗaya na Gorio, Allah ya tsare masa hanya. Hannunta ya tsufa yana rawa, don haka Tibo ke ƙyasta mata ashanar.