Ba Wanda Zai Ƙarasa Wa Rifkatu Zanenta

Shekara biyar ke nan cif da muka kai Rifkatu makwancinta a Zonkwa, garin ubanta, muka dawo Kafanchan da akwatin kayanta a bayan mota. Ita ce autata. Sikila ce ta ɗauke ta tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon zane a Zariya. Ni ba mai fita ba ce, balle shiga jarida. Wanta Yakubu ne ya tunzura ni, kuma na san zai karanta.

Tana da wani allo na gilashi mai kama da babbar waya, da alƙalaminsa marar tawada. Idan tana gida hutu, da hantsi na zauna tsakar gida ina tsaga citta don shanya, sai ta jawo kujera gabana ta saita agogon waya minti ashirin, ta hau zana ni a allon. Yana yin ƙara ta ɗage hannu. Ko ido ɗaya ta yi, ko kunne bai fito ba, shi ke nan. Ba ta komawa ta gyara, ba ta gogewa. Ta rubuta kwanan wata a ƙasa, gobe a sake sabo.

Na taɓa ce mata, "Ke wannan wane irin aiki ne? Tela ma yana ƙarasa riga kafin ya miƙa."

"Mama, ba riga nake ɗinka miki ba, hannuna nake koya wa sauri. Ki daina motsi mana, kin sa hancinki ya karkace."

"Hancina ne ya karkace ko idonki?"

Na farko-farkon nan, tsakani da Allah, ba kyan gani. Ba ka bambance yatsuna da cittar da ke cikin faifai. Na nuna wa matan zumunta a coci, suka yi dariya har da riƙe ciki. Wasu suka ce yarinya marar lafiya a bar ta ta huta, me za ta yi da wahala. Wasu suka ce ai na'ura ce ke yi, ita taɓawa kawai take. Duk ta ji, don ni ba na iya riƙe magana. Washegari ta jawo kujerarta.

A shekara ta biyu kafaɗuna suka zauna daidai. A ta uku ta kamo ɗan yatsana da wuƙa ta lanƙwasa tun ina budurwa, ta kamo yadda nake turo baki idan wuƙa ta dakushe, abin da ni kaina ban san ina yi ba. Akwai ranakun da ciwon ke sauka mata a ƙashin hannu. Sai ta naɗe wuyan hannun da tsumma mai ɗumi ta yi zanen haka nan, layukan suna rawa. Su ma ta sa musu kwanan wata ta ajiye.

Na ƙarshe ta yi shi ana gobe za ta koma makaranta. Hannuwana sun fito sarai, da wuƙar, da faifan, har jijiyoyin bayan hannu. Fuska kuwa da'ira ce kawai da layi biyu, agogo ya riga ta. Ta ce, "Yau hannu ya cinye mini lokaci." Ta rufe allon ta je ta zuba gwaten acca.

To bana za mu yi mata sujadar godiya, kuma kun san yadda muke yi a nan, ana raba wa jama'a kalanda su kai gida. Yakubu ya zo daga Kaduna yana ta murmushi, wai ya kawo mini abin mamaki. Ashe ya ɗauki wannan zanen na ƙarshe ya ba wani abu a waya da suke kira AI, ya ƙarasa shi. Ya miƙo mini na ga wata mata fara sol, fata sumul, haƙora reras, ɗan yatsan nan an miƙar da shi.

"Mama, ki gani, ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Abin da Rifi ta so yi ke nan, lokaci ne bai bar ta ba."

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana!"

"To ka gaishe ta da kyau, ni ban san ta ba."

Ya yi fushi, kwana uku bai kira ni ba. Ban ga laifinsa duka ba. Shi ya saya mata allon nan da albashinsa na fari, kuma na lura ba ya iya kallon wurin da fuskar ba ta fito ba, sai ya kau da kai. Kowa da yadda rashi yake cinsa. Amma rashin jurewarsa ba zai sa a ɗora wa 'yata aikin da ba ta yi ba a rubuta sunanta a ƙasa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da tana nan. Na san halinta, ita za ta riga kowa gwada abin, don ba ta tsoron sabon abu, ita da aka yi wa gori a kan zane da gilashi. Za ta yi dariya, ta yaba launin. Daga nan ta tambaye shi ko ya taɓa zama gaban uwarta yana shaƙar citta yana atishawa shekara uku kafin ya gane yadda take riƙe wuƙa. Waɗanda suka ce na'ura ke yi mata, ga shi yau na'urar ta yi ita kaɗai, su zo su gwada biyun.

Abin da yarinyar nan ta bari shi ne tafiyar da hannunta ya yi, daga ranar da bai iya komai ba zuwa ranar da ya iya, da ciwo da komai. Idan aka gyara munanan aka cike na ƙarshen, an share tafiyar, sai a ga kamar da iyawarta aka haife ta. Ba haka aka yi ba, a gabana aka yi.

Don haka na yanke. Kalanda wata goma sha biyu ce, zane goma sha biyu za a sa, a jere yadda ta yi su. Janairu ya ɗauki mafi muni, wanda matan zumunta suka yi wa dariya. Disamba ya ɗauki na ƙarshen, yadda ta bar shi. Yakubu ya ce mutane za su zaci tawada ce ta ƙare wa mai bugawa. Su zata. Wanda abin ya dama ya juya tasa ta kalli bango. Ni dai na riga na kafa ƙusa a falo, daidai inda duk mai shigowa zai fara ɗora ido.